Halittu Masu Amfani a Hanjin Jariri: Jawabi ga Iyaye da Masu Reno

An shirya wannan jawabi ne domin iyaye mata da maza, da kakanni, da ungozomomi, da ma'aikatan ɗakunan shan magani, da duk wanda renon jariri ya rataya a wuyansa, ko a birni yake ko a ƙauye, ko a Kano ko a Ikko. Dalilin shirya shi kuwa shi ne, kantunan magani sun cika da waɗansu kwalabe da ƙunshe-ƙunshen gari da ake kira furobayotik, ana tallansu ana cewa suna gyara cikin jariri, suna tsayar da zawo, suna hana kukan dare. Iyaye da yawa suna zuba kuɗinsu a kai, waɗansu ma har suna jinkirta zuwa asibiti saboda sun dogara gare su. Saboda haka ya wajaba jama'a su san ko mene ne wannan abu, da inda ya yi amfani, da inda bai yi ba, da kuma hanyar da ta fi sauƙi da tabbas wajen kiyaye lafiyar cikin jariri.

BA KOWACE ƘWAYA CE TA CUTA BA

Jama'a sun daɗe da sanin cewa akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma su ne ke haddasa kwalara da tarin fuka da zazzaɓin taifot. Shi ya sa aka saba kiransu ƙwayoyin cuta. Amma wannan suna bai game dukkansu ba. Akwai waɗansu daga cikin danginsu da suke zaune a jikin ɗan'adam lami lafiya, suna yi masa aiki yana ciyar da su. Masana sun ƙiyasta cewa a jikin babban mutum guda akwai irin waɗannan halittu fiye da miliyan sau miliyan 30, kuma mafi yawansu a cikin babban hanji suke.

Aikinsu sananne ne ga duk macen da ta taɓa yin kindirmo, ko da ba ta san sunansu ba. Idan ta dafa madara ta bar ta ta huce, sai ta ɗebo ɗan tsohon nono ta zuba a ciki ta rufe. Kafin gari ya waye madarar ta daskare, ta yi ɗan tsami, kuma ta fi ɗanyar madara jimrin ajiya. Abin da ya faru shi ne, halittun da ke cikin tsohon nonon sun hayayyafa, sun cinye zaƙin madarar sun mai da shi tsami, tsamin nan kuwa ya hana masu ruɓar da abinci sakewa. Kusan irin wannan aiki ne ke gudana a hanjin jaririn da ke shan nonon uwarsa.

A shekarar 1899 wani likitan yara Bafaranshe mai suna Henry Tissier, wanda ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya duba kashin jarirai masu shan nonon uwa da madubin likita, ya tarar da wata halitta mai siffar gwafa ta mamaye ko'ina. Ya kuma lura cewa ba ta da yawa a cikin yaran da ke fama da zawo. Ita ce yau ake kira Bifidobacterium. A shekarar 1907 kuma wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, da ke aiki a wannan cibiya, ya kawo ra'ayin cewa yawan shan nono mai tsami ne ya sa manoman Bulgeriya suke tsawon rai. Daga waɗannan mutane biyu tunanin ciyar da mutum halittu masu amfani ya samo asali. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara masana, aka tsai da ma'anar kalmar furobayotik, watau rayayyun ƙananan halittu waɗanda idan aka ba mutum su gwargwadon da ya isa, za su amfani lafiyarsa. A lura da sharuɗɗan nan uku: su kasance da rai, su isa yawan da ake bukata, kuma a tabbatar da amfaninsu. Abin da ya rasa ɗaya daga ciki bai cancanci sunan ba, kome aka rubuta a jikin kwalbarsa.

YADDA JARIRI KE SAMUN NASA

Hanjin jariri a ranar haihuwa kamar sabuwar gona yake wadda aka share ba a riga an shuka ba. Abin da ya fara sauka a cikinta shi ne ke kama wuri. Irin farko daga uwa yake zuwa: daga hanyar haihuwa, daga fatar jikinta idan aka kwantar da jaririn a ƙirjinta, da kuma daga nononta. Jaririn da aka ciro ta hanyar tiyata yakan fara da halittu dabam da na wanda aka haifa ta hanyar da aka saba, amma bambancin yana raguwa cikin watanni, musamman idan yana shan nonon uwa. Don haka wannan ba hujja ba ce ta ƙin tiyata idan likita ya ce ita ce za ta ceci rai.

Shuka kuwa ba ta yi sai da taki, takin nan kuma yana cikin nonon uwa. Baya ga sukarin madara da maiƙo, abin da ya fi yawa a cikin nonon uwa shi ne waɗansu irin sukari na musamman, fiye da iri 100, waɗanda cikin jariri ba ya iya narkar da su ko kaɗan. Sukan wuce tumbi da ƙaramin hanji yadda suke, su isa babban hanji, inda Bifidobacterium ke jiransu. Watau uwa tana ciyar da ɗanta, a lokaci guda kuma tana ciyar da masu tsaron cikinsa. Madarar saniya da ta akuya ba su da wannan sukari sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Idan waɗannan halittu suka ƙoshi suka yawaita, suna yi wa jariri ayyuka uku. Na farko, suna fitar da tsami, tsamin kuwa yana takura wa ƙwayoyin da ke kawo zawo da atini. Na biyu, suna cike wuri su cinye abincin da ke akwai, har baƙuwar ƙwaya ta rasa masauki. Na uku, suna koya wa garkuwar jikin jariri rarrabe aboki da abokin gaba tun tana ɗanya. A hankali, bayan an fara ba yaro abinci, waɗansu ire-iren halittu suna shigowa, har zuwa wajen shekara 2 zuwa 3 lokacin da hanjinsa ke kama da na manya. Ashe ke nan watannin farko su ne damina, wanda kuwa ya yi sake da damina ba ya ramawa da rani.

DAKASHI

Ruwan nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda ake kira dakashi, shi ne ya fi kowane kashi na nonon uwa yawan sinadaran kariya. Suna shafe bangon hanjin jariri kamar yadda ake yaɓe rumbu, su hana ƙwayoyin cuta maƙalewa. Yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin nan na farko. A wurare da yawa an gaji al'adar matse dakashi a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba ko zuma har kwana biyu ko uku, bisa zaton cewa dakashi ƙazanta ne. Kakannin da suka yi haka da kyakkyawar niyya suka yi, amma bincike ya nuna hasara ce babba. Ruwan da aka ba jariri a ranar yana iya zama shi ne ya fara shuka masa mugun iri. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara guda ba, domin takan ɗauko ƙwayar da ke tsira a hanjin jariri ta fitar da dafin da ke shanye jiki har ya hana numfashi.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Gwamnatin Tarayya ta amince da ita, ita ce a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a ba shi nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Zalla kuwa tana nufin ko ruwa ba a ba shi, ko da a tsakiyar bazara ne, gama kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Mai jego ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara sa yaro a nono. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 ne kaɗai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nonon uwa zalla, na shekarar 2018 kuma ya nuna kashi 29. An ci gaba, amma lissafin 2018 ɗin yana nufin cikin kowane jarirai 10, wajen 7 ba su samu ba.

ABUBUWAN DA KE ƁATA SHUKAR

Na farko shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, idan an ba da shi ba bisa umarnin likita ba. Wannan magani yana ceton rai a inda ake bukatarsa, kuma idan likita ya rubuta shi wajibi ne a ba yaro yadda aka tsara. Sai dai kamar wutar daji yake, ba ya rarrabe ciyawa da dawa. Yawancin zawon ƙananan yara wata irin ƙwaya ce ke kawo shi da ake kira bairos, wadda antibayotik ba ya taɓa ta. Uwar da ta saya a kemis ta ɗura wa jariri saboda zawo na kwana ɗaya, ko saboda abin da ake kira zawon haƙori, ta kashe masu tsaron cikinsa ta bar ɓarawon.

Na biyu shi ne bulumboti, wanda waɗansu ke kira fida. Wankinsa da wuya, ragowar madara kuwa a cikin zafi gona ce ta ƙwayoyin cuta. Inda larura ta sa dole a ba jariri madarar gwangwani, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya, a yi amfani da tafasasshen ruwa da ƙaramin kofi mai tsabta, a zubar da abin da ya rage. Saboda irin ɓarnar da tallan madarar gwangwani ya yi ne Babban Taron Lafiya na Duniya ya kafa ƙa'idar taƙaita tallanta a shekarar 1981.

Na uku shi ne jiƙe-jiƙe da tsime-tsimen da ake ɗura wa jariri, da hannun da ba a wanke da sabulu ba bayan an fito daga bayan gida ko an share wa yaro kashi.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA GAME DA NA KANTI

Furobayotik iri-iri ne, kowanne da sunansa da aikinsa, kamar yadda gero da maiwa da dawa duk hatsi ne amma kowanne da ƙasar da yake so. Amfanin da aka tabbatar ga iri guda ba ya zama hujja ga wani. Ga abin da aka gano, dalla-dalla.

Game da zawo: a shekarar 2018 aka buga sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka da yara kusan 1,000, ɗaya a Kanada da yara kusan 900, dukkansu ƙananan yara ne da aka kai asibiti da zawo da amai. An ba rabi furobayotik, rabi kuma aka ba su abin da ya yi kama da shi amma ba kome a ciki. Ba a sami wani bambanci ba tsakaninsu, ko a tsawon kwanakin zawon ko a tsananinsa.

Game da zawon da antibayotik kansa ke jawowa: a nan an ga amfani. Iri biyu, Lactobacillus rhamnosus GG da wani yis mai suna Saccharomyces boulardii, suna rage aukuwarsa ga yara. Likitan da ya rubuta antibayotik ɗin shi ne zai faɗi ko akwai bukata.

Game da murɗar ciki da yawan kuka: wannan yakan fara a makonnin farko, ya tsananta wajen mako na 6, ya wuce da kansa a wata na 3 ko na 4. An sami shaida cewa iri guda, Lactobacillus reuteri mai lamba DSM 17938, yana rage tsawon kuka ga jarirai masu shan nonon uwa. Ga masu shan madarar gwangwani kuwa ba a tabbatar ba.

Game da sababbin haihuwa: a shekarar 2017 aka buga wani bincike da aka yi a ƙauyukan jihar Odisha ta Indiya, da jarirai 4,556 masu shan nonon uwa. An ba rabinsu Lactobacillus plantarum haɗe da irin sukarin da take ci, har kwana 7. Idan aka haɗa kamuwa da cutar da ke shiga jini da mutuwa, an sami raguwar kashi 40 cikin 100. Sakamako ne mai ƙarfafa zuciya, amma da zaɓaɓɓen iri guda aka yi shi, ƙarƙashin kulawar ma'aikata, kuma a kan nonon uwa aka ɗora shi.

Game da bakwaini: waɗannan jarirai suna cikin haɗarin wata muguwar cuta da ke ruɓar da hanji. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya duba yiwuwar ba da furobayotik ga bakwainin da aka haifa kafin mako 32, mai shan nonon ɗan'adam. Amma a shekarar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, bayan wani bakwaini ya rasu a asibiti saboda halittar da ke cikin furobayotik ɗin da aka ba shi ta shiga jininsa. Abin da ke da rai yana iya ƙetare iyaka a jikin da ba shi da ƙarfi. Saboda haka ba a ba bakwaini, ko jariri mai tsananin rashin lafiya, ko mai raunin garkuwar jiki furobayotik a gida. Wannan hukunci ne na likita a cikin asibiti.

Jariri lafiyayye mai shan nonon uwa ba ya bukatar a saya masa kome. Idan kuwa likita ya rubuta, a duba lambar rajistar Hukumar NAFDAC, da ranar lalacewa, da cikakken sunan irin, da yadda aka ce a ajiye shi. Zafi yana kashe waɗannan halittu, kwalbar da ta yi watanni a shago mai zafi wataƙila gawa kawai ta rage a cikinta.

BAYAN WATA SHIDA

Idan yaro ya cika wata 6, sai a fara ba shi abinci tare da nono. Koko, wanda Yarbawa ke kira ogi, daga gasarar da ta yi tsami ake dama shi, tsamin nan kuma yana rage saurin lalacewarsa. Amma dahuwa tana kashe halittun da suka kawo tsamin, kuma tsinkakken koko shi kaɗai ba ya gina jiki. A yi shi da kauri, a haɗa da garin gyaɗa ko na waken soya ko na busasshen kifi, a riƙa ba yaro wake da ƙwai da kabewa da ganye da ayaba, domin halittun hanji suna ƙaruwa da yawan ire-iren abinci. Ana iya ba shi ɗan kindirmo ba tare da sukari ba, muddin da dafaffiyar madara aka yi shi, cikin ƙwarya mai tsabta, ba a kuma tsinka shi da ruwan da ba a tafasa ba. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fukan shanu da waɗansu cututtuka.

IDAN ZAWO YA ZO

Da farko a san cewa kashin jariri mai shan nonon uwa ruwa-ruwa ne, rawaya, yakan zo sau da yawa a yini, wani jaririn kuma bayan makonnin farko yakan yi kwanaki bai yi ba. Duk wannan lafiya ce matuƙar yana shan nono yana ƙara nauyi. Zawo shi ne idan kashin ya koma ruwa tsululu, ya fi yadda aka saba yawa. Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa sananne ne:

1. A ci gaba da ba shi nono, a ma ƙara.
2. A kaɗa ƙunshi guda na garin gishiri da sukari, wanda ake kira ORS, cikin ruwa mai tsabta gwargwadon da aka rubuta a jikin ƙunshin. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan.
3. A ba shi ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14: miligiram 10 ga ɗan ƙasa da wata 6, miligiram 20 ga wanda ya wuce haka. Wannan ita ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a shekarar 2004.
4. A garzaya asibiti idan maɗiga ta faɗa, ko idanu suka zurma, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da kome, ko fitsari ya ɗauke, ko an ga jini a kashi, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laushi ba ya kuzari. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, da zarar an ga zawo a kai shi, kada a jira wata alama.

Rigakafi kuma ya fi magani. A watan Agusta na shekarar 2022 Nijeriya ta shigar da rigakafin rota cikin jerin rigakafin yara, rota kuwa tana daga cikin manyan masu kawo zawo mai tsanani ga ƙananan yara. Ɗigo ne ake sawa a baki idan jariri ya cika mako 6, da mako 10, da mako 14.

KIRA GA JAMA'A

Wannan aiki ya fi ƙarfin mai jego ita kaɗai. Maigida ne zai tabbatar ta ci ta ƙoshi, ya rage mata wahala, ya mai da kuɗin kwalbar kanti ga abincinta da kuɗin motar zuwa rigakafi. Kaka da uwar miji, waɗanda maganarsu ke da nauyi a ɗakin jego, su ne za su tsaya a ba jariri dakashi, su hana a ɗura masa ruwa da jiƙo. Ungozoma ta kwantar da shi a ƙirjin uwarsa tun kafin a tashi daga wurin haihuwa. Mai kemis kuma ya ji tsoron haƙƙin rai, idan an zo masa da zawon jariri ya miƙa ORS da zinc, ya nuna hanyar asibiti.

Ana roƙon duk wanda ya ji wannan jawabi ko ya karanta shi ya isar da shi ga maƙwabta, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, a gidajen suna da wuraren awo da taron unguwa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya a asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da shi.